Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Kiɗa A Sutudiyo, Kan Taɓa Tsofaffin Waƙoƙi

Zuwa ga masu haɗa kiɗa a Kano, Kaduna, Jos, Maraɗi, Damagaram da Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya kuma fama da rashin wuta da tsadar man janareta? Allah ya ƙara buɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda a 'yan shekarun nan hankalinku ya koma kan waƙoƙin da. Kusan duk bikin da mutum ya je, ko ya buɗe TikTok, sai ya ji muryar wani makaɗi da ya daɗe da rasuwa tana tsalle a kan gangar kwamfuta. Akwai dattawan da ke ganin wannan rashin kunya ne, su a wurinsu waƙar Shata ko ta Ɗankwairo ba abar taɓawa ba ce. Ni ba na cikinsu. Ƙorafina daban ne: ba ku taɓa waƙoƙin sosai. Sai a ɗauko tsohon faifai yadda yake, a ƙara masa sauri har muryar dattijo ta koma ta yaro, a zuba ganga a ƙarƙashi, a kwarma sunan sutudiyo a farko da tsakiya, a ce an yi rimis. Ƙannena, wannan ɗumame ne, kuma ko ɗumame sai da sabuwar miya yake shiga.

Wasu sun riga ku yin wannan sana'a da irin kayan aikinku, a Ingila da Amurka, tsakanin 1974 da farkon shekarun 1990. Nasu ma fiyano ne da na'urar ganga, kuma wayar da ke aljihunku yau ta fi duk kayan da suke da su ƙarfi. Ina so in ba ku labarin yadda suka yi, domin har yanzu ana sayar da aikinsu.

A 1964 wata mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, Gloria Jones, ta rera waƙar Tainted Love wadda Ed Cobb ya rubuta. Da faifan ya fito a 1965 a bayansa aka sa ta, ita da waƙar da ke gaban duk suka yi kwantai. Shekara takwas ba wanda ya waiwaye ta, sai a 1973 wani DJ ɗan Ingila, Richard Searling, ya je Amurka ya tsinto faifan ya dawo da shi gida. A lokacin samarin garuruwan masana'antu na arewacin Ingila sun haukace da neman tsofaffin faya-fayen baƙaƙen Amurka masu sauri waɗanda ba su yi kasuwa ba, suna kwana suna rawa da su a wurare irin su Wigan Casino. Nan waƙar ta samu masoya. Ita kanta Gloria Jones ta sake rera ta a 1976, amma bai kai ta ko'ina ba.

Sai ga wasu samari biyu da suka haɗu a kwalejin fasaha ta Leeds, Marc Almond mai rerawa da David Ball mai danna na'ura, suna kiran kansu Soft Cell. A 1981 suka shiga sutudiyo da mai haɗa sauti Mike Thorne. Ku lura da abin da suka yi. Waƙar da aka sani da gudu, wadda gudun nata ne ma ya sa ake son ta a gidan rawa, sai suka rage mata sauri. Suka sauke muryarta ƙasa ta daidaita da maƙogwaron Almond. Jita da ganga da ƙahonin da ke cikin ta asali duk suka fitar, suka bar sautin na'ura mai sanyi, da wani bugu biyu a jere da ke faɗowa tsakanin kalmomi, wanda yau duk wanda ya ji shi ya san waƙar kafin a buɗe baki. Kalmomin ba su canja ba, amma mai maganar ya canja. A bakin Gloria Jones za ka ji mace ce da ta gama yanke shawara, ta ɗaure kayanta, tana fita da gudu. A bakin Almond kuwa mutum ne yake ta rantsuwa zai tafi, kai mai sauraro ka san ko bakin ƙofa ba zai kai ba. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, a Amurka ta kai na 8 a 1982, ta kuma yi mako 43 a jerin Billboard na waƙoƙi 100, abin da babu wadda ta taɓa yi kafin ita. Da Rihanna ta tashi yin SOS a 2006, ta Soft Cell aka yanko mata, ba ta asalin ba.

Wannan shi ne ma'aunin da nake auna aikinku da shi. In na ji waƙar da kuka sake, tambayata ita ce: me na gane game da ita yau wanda ban gane ba a bakin mai ita? Sau da yawa amsar ba ta wuce cewa yanzu ta fi sauri ba.

Kafin in ci gaba da Soft Cell sai na koma baya kaɗan, domin rabin labarin yana cikin dogon faifai ne. A da waƙar kasuwa a Turai da Amurka minti uku ce ko ƙasa da haka, saboda ƙaramin faifai mai inci 7 ba ya ɗaukar fiye da haka da kyau, gidajen rediyo kuma abin da suke so ke nan. Mutanen Jamaika ne suka fara lalata wannan tsari. Tun ƙarshen shekarun 1960 suke sa kiɗan waƙa ba murya a bayan faifai, sai wani mai gyaran rediyo da amsa-kuwwa a unguwar Waterhouse ta Kingston, King Tubby, ya mayar da teburin haɗa sauti kayan kiɗa. Yana cire murya ya mayar, ya bar ganga da bes su kaɗai, ya jefa amsa-amo ya janye. Ba ya kiɗa ko ɗaya da hannunsa, amma waƙa in ta shiga ɗakinsa wata ce take fita.

A New York kuwa Tom Moulton ne. Shi ba makaɗi ba ne, tallan tufafi ma yake yi. Ya je gidan rawa a tsibirin Fire Island ya ga abin da ya dame shi: mutane sun fara ɗaukar zafi ke nan sai waƙa ta ƙare, a sako wata mai wani sauri daban, jiki ya yi sanyi. Ya koma gida da reza da zaren tef yana yanka yana liƙawa, har ya haɗa kaset na minti 45 wanda kiɗa ba ya tsayawa. Daga nan kamfanoni suka fara ba shi asalin zaren waƙoƙinsu yana tsawaita su. Shi ne ya haɗa fuskar farko ta faifan Gloria Gaynor na 1975, waƙoƙi uku a jere babu numfashi tsakaninsu. Shi ne kuma ya yi suna da dabarar tuɓe waƙa a tsakiya, a janye komai a bar ganga kawai, sannan a riƙa mayar da kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya har ta sake cika. Shi kansa babban faifan mai inci 12 a bisa tsautsayi aka same shi: wata rana ƙananan faya-fayen gwaji sun ƙare a wurin injiniya José Rodríguez, aka yanka waƙa ɗaya a kan babba. Da aka baza layukan suka samu fili, sai sautin ya fito da ƙarfi, bes ya yi kauri. A 1976 kamfanin Salsoul ya fara sayar wa jama'a irin wannan faifai, da waƙar Ten Percent wadda DJ Walter Gibbons ya ja ta wuce minti 9.

To da na'urorin sauti suka yi araha, wannan dabara da su sai suka dace kamar don juna aka yi su. Na'urar ganga irin Roland TR-808 da ta fito a 1980 ba ta gajiya, ba ta kuskuren bugu, don haka duk inda ka yanka zare zai haɗu da ɗan'uwansa daidai. A 1982 Martin Rushent ya wargaza waƙoƙin Human League ya sake gina su a faifan Love and Dancing, da yanka sama da 2,000 da hannu. Ku da kuke yin wannan da danna linzamin kwamfuta, ku tuna da shi in kasala ta kama ku. A 1983 New Order suka fitar da Blue Monday mai minti bakwai da rabi a kan inci 12, ya zama faifan da ya fi kowanne irinsa kasuwa a tarihi.

Yanzu mu dawo kan samarin Leeds. A babban faifansu Tainted Love ta kai kusan minti 9, kuma ba maimaita amshi suka yi ta yi don cika lokaci ba. Waƙar tana zuwa inda ya kamata ta ƙare sai ta fara ramewa, kayan kiɗa suna zamewa, bugun yana nan, kafin ka ankara ka tsinci kanka a cikin wata waƙar, Where Did Our Love Go ta Supremes, wadda kamfanin Motown ya fitar a 1964. Ta farko ta mai cewa zai gudu ce, ta biyu ta mai roƙon kada a gudu a bar shi. Da suka jera su a baki ɗaya sai suka zama labarin mutum ɗaya, wanda ya yi cika-baki da dare ya wayi gari yana lallashi. Babu ɗaya daga cikin marubutan waƙoƙin biyu da ya nufi haka. Tsawon faifan ne ya ba da filin da za a faɗi wannan magana, a minti uku ba za ta faɗu ba.

Akwai kuma darasin kuɗi a nan, mai ɗaci. A ƙaramin faifan ma waƙar Supremes suka sa a baya. Ke nan gaba da baya duk waƙoƙin wasu ne. A tsarinsu kason marubuci daban yake da na mai rerawa, kuma da a ce sun sa tasu ta kansu a bayan faifan, da sun raba kason marubuci na miliyoyin faya-fayen da aka sayar. Sai ya tafi ga Ed Cobb da marubutan Motown. Ita ma Gloria Jones wannan kason bai shafe ta ba, tunda ba ita ta rubuta ba. Abin lura dai shi ne kuɗin sun san hanyar gidan mai waƙa, shekara 17 bayan ya rubuta ta. Zan dawo kan wannan.

Misali na biyu da nake so ku saurara da kunnen sana'a shi ne Always on My Mind. Elvis Presley ya rera ta a 1972, jim kaɗan bayan rabuwarsa da matarsa, Willie Nelson ya sake ta a 1982 har ta ci kyautar Grammy. A bakin su biyun waƙar ban-haƙuri ce, a hankali, namiji ya sunkuyar da kai yana amsa cewa bai kula da matarsa yadda ya kamata ba. A 1987 gidan talabijin na ITV ya shirya taron cika shekara 10 da rasuwar Elvis, aka gayyaci Pet Shop Boys, wato Neil Tennant da Chris Lowe, su yi ɗaya daga cikin waƙoƙinsa. Sai suka yi akasin abin da Soft Cell suka yi. Suka kunna mata wuta, ganga tana dukan ƙirji, ƙahonin na'ura suna tsawa kamar za a naɗa sarki, shi kuwa Tennant yana rerawa da murya shimfiɗaɗɗiya, ba kuka ba rawar murya. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Kalmomin ban-haƙurin suna nan, amma yanzu sai ka ji kamar mutumin bai yi nadamar komai ba, yana dai faɗar abin da ya san ana so a ji ne. Duk matar da aka taɓa ba irin wannan haƙuri za ta gane shi. Ashe wannan fuskar tana cikin waƙar tun 1972, taushin kiɗa ne ya rufe ta. Ta yi mako huɗu a matsayi na ɗaya a Birtaniya, ciki har da makon Kirsimeti na 1987, wanda a wurinsu shi ne babbar kasuwar shekara.

Shekarar da ta biyo baya suka yi abin da ya fi wannan. A al'ada gajeriyar waƙa ake fara yi, daga baya a ja ta. Su sai suka juya tsarin a faifansu Introspective na 1988: waƙoƙi shida kacal, kowace doguwa tun daga tushe, in rediyo na so a yanko masa. A ciki Always on My Mind ta kai minti 9, ta ratsa ta cikin wani sabon kiɗa nasu na kansu kafin ƙahonin nan da kowa ke jira su fashe can wajen ƙarshe. Mai sauraro ya san suna tafe, an hana shi, an sake hana shi. Wannan jan rai shi ne sana'ar.

Sauran ba sai na tsaya a kansu ba. Naked Eyes sun ɗauko Always Something There to Remind Me ta Burt Bacharach da Hal David, wadda Sandie Shaw ta yi suna da ita a 1964, suka buɗe ta da ƙararrawa da gangar na'ura a farkon shekarun 1980. Communards sun sake Don't Leave Me This Way a 1986, lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗauke abokansu ɗaya bayan ɗaya, sai roƙon kada a tafi a bar mutum ya ɗauki wani nauyi daban. Ita ce ta fi kowace waƙa kasuwa a Birtaniya a shekarar, kuma Mike Thorne ɗin nan ne ya haɗa ta. Bananarama da Venus, Kim Wilde da You Keep Me Hangin' On, duk waƙoƙin shekarun 1960 ne da suka sake hawa matsayi na ɗaya a Amurka da kayan lantarki.

Kada ku ɗauka duk abin da aka yi a can mai kyau ne. Su ma suna da 'yan ɗumamensu. A 1981 wani shiri daga Holan mai suna Stars on 45 ya jera gutsattsarin waƙoƙin Beatles da wasu, masu kwaikwayon murya suna rerawa, an shimfiɗa tafi da ganga iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A 1989 Jive Bunny ya yi irin haka da waƙoƙin shekarun 1940 da 1950, ya hau matsayi na ɗaya sau uku a jere a Birtaniya. Sun ci kuɗi, ba musu. Amma yau in ba a wurin shagalin tsofaffi ba, wa yake neman su? Ba su ƙara wa waƙoƙin komai ba sai bugu. Gaskiya ita ce yawancin rimis ɗin da nake ji daga wajenku dangin waɗannan ne, alhali kuna da basirar da za ku yi na farkon.

Kuma ba sai kun tsallaka teku ba kafin ku samu abin koyi. A Yamai, tun 1978, Mamman Sani ya ɗauki kaset da ogan lantarki ƙirar Italiya, yana juya waƙoƙin gargajiya na ƙasar Nijar, ciki har da na Fulani da na Buzaye, zuwa wani sauti mai natsuwa da ba a taɓa ji ba. Shekara uku ke nan kafin Soft Cell su shiga sutudiyo. Mutanen Nijar sun yi shekaru suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, da yawa ba su ma san sunansa ba, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin a 2013 duniya ta waiwayo. Bai ɗora ganga a kan muryar kowa ba. Karin ya ɗauka, ya zauna ya sake gina shi da yatsunsa. Su kansu waƙoƙin nanaye da suka raine ku, ai da fiyanon Yamaha aka fara su a Kano a shekarun 1990, kuma kowa ya san da yawansu karin waƙoƙin finafinan Indiya ne aka sa wa kalmomin Hausa. Juya waƙar wani ba baƙon abu ba ne a gidan nan.

Sai dai akwai inda namu ya bambanta da nasu, kuma nan ne nake so ku yi hattara. Bature yana iya lanƙwasa karin waƙa yadda ya ga dama, kalmarsa ba za ta sauya ma'ana ba. Hausa kuwa tana da hawa da sauka, tana da dogon wasali da gajere, kuma makaɗan da a kan wannan suka gina waƙa. Kalangu magana yake yi, yana bin harshen mai waƙa, yana jinkirtawa inda ya ja, yana gaggawa inda ya datse. In ka kama wannan ka tilasta masa layukan kwamfuta, kowane bugu ya faɗa daidai kan sanda, ka kashe abin da ya sa ake kiran sa kalangu. In kuma ka matse murya da na'urar gyaran murya har hawa da saukar kalma suka baje, baitin da ke sa dattijo girgiza kai sai ya koma surutu. Kuna da 'yancin rage sauri, ko sauke murya gaba ɗaya, ko tuɓe kiɗa, ko sa mace ta rera abin da namiji ya rera a ji yadda zai kasance. Harshen ne kawai ba zai lamunci a taka shi ba.

A kan wannan nake ba ku shawarar ku riƙa kiran makaɗan gargajiya sutudiyo kuna biyan su. A 1982 reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya zartar da ƙudurin neman a hana amfani da na'urorin nan, saboda suna cinye aikin masu goge da ƙaho. Ƙudurin bai hana komai ba, amma tsoron nasu gaskiya ne, kuma mun ga irinsa a nan: masu kalangu da kotso da gurmi nawa fiyano ya zaunar? Mai kalangu ɗaya da ya san hannunsa, in ka ba shi minti biyu a tsakiyar waƙa ka janye komai ka bar shi da bes, zai ba ka abin da babu shi a cikin kowace manhaja da ka sauke.

Batun tsawo kuwa, ban san wata al'umma da ta fi mu bukatar doguwar waƙa ba. Ku dubi filin biki. Amarya da ango sun fito, ƙawaye sun kewaye, an fara liƙi, uwar ango ta taso ke nan da damin sababbin kuɗi, sai waƙa ta ƙare. DJ ya mayar da ita farko, a sake jin sunan sutudiyo da gaisuwar mawaƙi ga masu gidansa, rawa ta tsinke. Matsalar da Tom Moulton ya gani ke nan shekara hamsin da suka wuce, kuma maganinta sananne ne. Makaɗan da ba su da wannan damuwa, domin suna tsaye a fili, in sun ga kuɗi na zuba sai su ƙara ɗiya a waƙa, 'yan amshi su riƙe gindinta har sai mai liƙi ya gaji. Ku ne kuka gaje su a filin, amma kun zo da waƙar minti huɗu. Me zai hana kowace waƙar biki ta fito da 'yar'uwarta mai minti takwas ko goma, mai doguwar shimfiɗar ganga a farko da ƙarshe don DJ ya samu inda zai haɗa, da wuri a tsakiya inda kiɗa zai sauka a bar wa maroƙi ko sanƙira fili?

Wannan ba zai yiwu ba sai kuna ajiye aikinku a rarrabe. Duk abin da su Moulton suka yi, sun yi shi ne don kamfanoni sun adana zaren da murya take layinta, ganga take nata, bes yake nasa. Yawancin abin da ya rage mana na Shata da tsararsa a haɗe aka ɗauke shi, murya da kalangu da amshi a dunƙule, shi ya sa mai son juya su yake shan wahala. Yanzu akwai manhajojin da ke iya zare murya daga cikin kiɗa, irin dabarar da ta sa aka kammala waƙar Beatles ta ƙarshe a 2023 daga wani tsohon kaset, amma ba su kai asali tsabta ba. Ku kuwa kuna da layukan nan a kwamfutarku, sai ku goge su don faifan ajiya ya cika, ko kwamfutar ta mutu da su. Yaron da zai so juya waƙarku a 2050 yana bukatar su, kuma zai biya.

Na ce zan dawo kan kuɗi. Haƙƙi biyu ne a kan kowace waƙa da aka ɗauka: na wanda ya ƙirƙire ta, da na wanda ya mallaki ɗaukar. In ka sake rera waƙa da bakinka da kiɗanka, na farko ka taɓa. In ka yanko muryar mai ita ka ɗora a naka, ka taɓa duka biyun. A Nijeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Hajiya Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, sai ku yi lissafi. Duk suna da magada. Ko waƙoƙin dandali da na daɓe da ba a san wanda ya fara su ba, dokar ta sa su ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka in za a yi kasuwanci da su. Ban kawo wannan don in tsorata ku ba. A 1990 wasu samari biyu a Ingila masu kiran kansu DNA sun ɗauki Tom's Diner ta Suzanne Vega, wadda ta rera da baki kawai ba kiɗa, suka ɗora mata ganga, suka mayar da ɗan guntun karin da ta rufe waƙar da shi ya zama amshi, suka sayar a ɓoye. Kamfaninta na A&M yana da damar kai su kotu. Da ita mai waƙar ta ji ta ce ya yi mata, sai kamfanin ya saye aikin ya fitar da shi da sunanta da nasu, ya kuma fi na asalin kasuwa nesa ba kusa ba. Sun tsira ne don aikin ya yi kyau har mai shi ta so shi. Wanda ya ƙara sauri kawai ya kwarma sunansa a kai ba shi da wannan kariya.

Kuma ku tuna yawancin waƙoƙin makaɗanmu na mutane ne, an ambaci sunan wane ɗan wane, an yi wa wani zambo, an yi wa wani habaici. Jikokinsu suna raye. Kafin ka yanko baitin da aka muzanta kakan wani ka mayar da shi abin rawa a TikTok, ka je ka gaida iyalan mawaƙin, ka ji ta bakinsu, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce. A kan hoton waƙar da bayaninta a YouTube da Audiomack, sunan mai ita ya zo kafin naka, da shekarar da ya yi ta in an sani.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinku su sa waɗannan batutuwa a taronsu na gaba, musamman na ajiyar layukan sauti da na takardar yarjejeniya da magada, domin su biyun ba sa jiran sai an samu kuɗi. A gaida mutanen sutudiyo baki ɗaya, har da yaran da ke riƙe waya suna jiran layi.

Wassalam.

Naku,
Wani yayanku mai sauraro